Abin da na gani a tsohon ramin gawayi na Inugu

  In ka gama aikin yini, samu inuwa ka zauna, ina da labari. Ke ma ƴar'uwa matso kusa, maganar ta shafe ki.

Ni mai ɗaukar hoto ne a wani ƙauye kudu da Maraɗi. In mutum zai yi katin ɗan ƙasa, wurina yake zuwa. In ana suna ko biki, ni ake kira. Da damina kuwa sai in rataye kyamara in ɗauki hauya kamar kowa. Ban yi lakwal ba. A ajin yaƙi da jahilci na koyi karatu da rubutu, da gemuna.

Mahaifinmu ya rasu ya bar mana gona guda, ni da ƙanena. Gonar jigawa ce, ba ta da girma, amma in shekara ta yi kyau takan ba mu damin hatsi 60, ga wake a tsakani.

Tun da aka gano zinariya a Jado cikin 2014, samarin ƙauyenmu ba su da wata hira sai ta rami. Wane ya tafi da ƴar jaka ya komo da mota. Wanda ya komo da bashi kuwa ba a labarinsa. Ran nan ƙanena ya ce zai saida rabonsa na gona, ya sayi injin neman zinariya, ya yi arewa. Na ce ban yarda ba. Ya ce: "Yaya, shekara nawa muna noman gonar nan? Me ta ba mu ban da tuwo?"

Na tuna masa abin da ya faru kusa da Ɗan Isa a watan Nuwamba na 2021, inda ramin zinariya ya rufta ya kashe mutum 18 ko fiye. Ya ce wannan ajali ne, ko bisa gado ana mutuwa. Na rasa amsar da zan ba shi. Muka yi wata 2 gaisuwa kaɗai ke haɗa mu.

Ana cikin haka sai kawunmu, mai fataucin albasa, ya ce in raka shi Inugu, can kudancin Najeriya, in riƙa rubuta masa lissafin buhuna. Na ce to. Na saka kyamarata cikin jaka, muka hau.

Hanya

Kwana 3 muka yi bisa babbar mota. Muka wuce Jibiya da Katsina da Zariya da Lafiya, muka haye gadar Makurɗi bisa kogin Binuwai. Tun kafin nan yashi ya ƙare. Ƙasa ta koma ja, ga doya, ga itatuwan manja, ga ciyawa ta fi mutum tsawo.

Inugu babban birni ne a gindin tuddai. Da harshen Ibo sunan yana nufin bisa tudu. Akwai Hausawa da yawa can, ƴan albasa da mahauta da masu shanu. Mai masaukinmu ya gaya mini cewa magajin garin Inugu na farko, cikin shekarun 1950, Bafillace ne daga ƙasar Sakkwato, mai cinikin shanu, sunansa Umaru Altine. Na yi mamaki ƙwarai.

Na lura da wasu kalmomi 2 na Turanci da ake rubutawa a jikin motoci da shaguna. Na tambaya. Mai masauki ya ce laƙabin garin ne, ma'anarsa birnin gawayi. Ya ce: "Gawayi ne ya haifi garin nan. Amma yau ko buhu guda ba a fitarwa daga tsofaffin ramukan. Suna nan a bayan gari, daji ya cinye su."

Na ce ina son in gani. Kawu ya yi dariya ya ce: "Kai yaro, me za ka gani a kango?" Na ce: "Kawu, gani ya kori ji." Ya ce in je, amma in komo kafin a fara sauke mota ta biyu.

Wane irin gawayi ne?

Ka san gawayin itace, wanda maƙeri da mai shayi ke aiki da shi. To akwai wani gawayi wanda ba mutum ne ya ƙona shi ba. A cikin ƙasa ake samun shi, baƙi ne, mai nauyi kamar dutse, yana kuma cin wuta. Mu muna ce masa gawayin ƙasa, mutanen Najeriya suna ce masa kwal.

Masana sun ce asalinsa itatuwa ne da ciyayin fadama. Suka mutu, laka da yashi suka binne su. Nauyin ƙasa da zafinta suka yi ta matse su shekaru miliyoyi, har suka zama abin da muke gani. Riƙe wannan magana da kyau. Hatsi wata 3 yake nuna. Gawo yakan girma kafin yaro ya yi aure. Gawayin ƙasa kuwa, in an ɗebe shi, babu jikan jikan da zai ga wani ya maye gurbinsa.

Mu ma muna da shi a Nijar. A Anu Araren, kusa da Cirozerin, arewa da Agadas, kamfanin Sonichar da aka kafa a 1975 yana haƙar shi, ana ƙona shi ana samun wutar lantarki. Can daga sama ake yaye ƙasa har a tarar da gawayin. A Inugu kuwa jikin tudu ake hudawa, mutane su shiga ciki kamar gafiya, su bi gawayin duk inda ya nufa.

Turawan Ingila ne suka gano gawayin Inugu a 1909. A 1915 aka fara haƙa. A 1916 hanyar jirgin ƙasa ta haɗa wurin da Fatakwal a bakin teku. Jiragen ƙasa na lokacin da gawayi suke tafiya. A hura wuta, ruwa ya tafasa, tururi ya tura ƙafafun jirgi.

Tambayi tsofaffin garinku zamanin gujiya. Gujiyar Maraɗi da ta Damagaram, raƙuma da jakuna da motoci suka riƙa kai ta Kano. Daga can jirgi ya ɗauke ta zuwa bakin teku. Wutar da ke cikin jirgin nan gawayin Inugu ce. Ashe kakanka mai noman gujiya da mai haƙar gawayi aiki guda suka yi wa Bature, ba su ko san juna ba.

A 1950 gawayin da aka fitar ya wuce tan dubu 500. Tan guda buhu 10 ne na kilo 100. Ka ga ke nan ya fi buhu miliyan 5 cikin shekara guda. Zuwa 1958 ma'aikatan ramukan sun kai wajen mutum dubu 8.

Tsohon da ya yi mini jagora

Mai masauki ya haɗa ni da wani dattijo ɗan ƙabilar Ibo, mai gadin wani shago kusa da kasuwa. Ya yi fiye da shekara 20 yana aiki cikin rami. Ubansa ma aikin da ya yi ke nan. Yana jin Hausa, a wurin ƴan albasa da mahauta ya koya.

Na durƙusa na gaishe shi. Ya dube ni, ya dubi kyamara, ya ce: "Malam, zan kai ka, amma da sharaɗi 3. Na ɗaya, ba ashana, ba taba. Na biyu, inda na tsaya nan za ka tsaya. Na uku, sai mun gaida masu unguwa, mun nemi izni." Na ce: "Baba, na yarda."

Washegari bayan sallar asuba muka hau keke mai ƙafa 3 har gefen gari, wurin da ake kira Kwarin Iva. Tsoho ya riƙo wata tsohuwar jaka, bai gaya mini abin da ke ciki ba.

Da farko muka ratsa gidajen ma'aikata na da. Jere suke, duk iri ɗaya, kwanon rufinsu ya yi ja da tsatsa. Har yanzu da mutane ciki. Mata na shara, yara na shirin lakwal. Muka gaida dattawan wurin, tsoho ya yi musu bayani da harshensu. Suka ce in ɗauki abin da nake so, amma kada in ɗauki mace sai ta yarda. Na ce haka muke yi a garinmu ma.

Daga nan muka bi ƴar turba cikin ciyawa. Raɓa ta jiƙa mini wando har gwiwa. Na duba ƙasa na ga ta koma baƙa ƙirin. Tsoho ya ce ƙurar gawayi ce, ruwan sama na shekara da shekaru bai wanke ta ba.

Sai ga wani babban gini ba rufi. Itace ya tsiro a tsakiyarsa, rassa sun fito ta taga. Tsoho ya ce nan ake karɓar fitila da safe, a maida ita da yamma. Kowane ma'aikaci yana da lambarsa. In dare ya yi aka ga fitila guda ba ta komo ba, an san akwai mutum a cikin ƙasa ke nan.

Gaba kaɗan ga wasu manyan ƙarafa sun nutse cikin ƙasa. Ƙananan kuwa masu sayen tsohon ƙarfe sun kwashe. Hanyar ƙarfe da amalanken gawayi ke bi, saura guntu-guntu. Muka tarar da amalanke guda ya kife a gefe, gara ta yi gini a jikinsa. Tsoho ya dafa shi kamar mai dafa tsohon jakinsa. Ya ce: "Irin wannan nake cikawa da shebur, in tura."

Bakin rami

Muka zagaya wani dutse, sai ga shi. Ƙofa ce a jikin tudu, kamar ta zaure, an ɗaure bakinta da siminti. Gansakuka ta rufe simintin, saiwoyi na reto daga sama. Ciki duhu ne wanda ban taɓa ganin irinsa ba. Wata iska mai sanyi tana fitowa, da warin jiƙaƙƙen ƙarfe.

Ruwa na gangarowa daga ciki, ja kamar an zuba manja. Duk dutsen da ya taɓa ya rine. Na duƙa zan wanke hannu, tsoho ya hana ni. Ya ce ruwan da ya kwana cikin ramin gawayi yana yin tsami, ya narkar da ƙarfen da ke cikin dutse. Ba a shan shi, ba a ba dabba. Ka gani, an bar rami shekara da shekaru, amma ramin bai bar mutane ba. Ruwansa yana bin rafi har inda ake wanki.

Na fitar da kyamara. Bari in gaya maka yadda na yi, domin yau kusan kowane gida akwai salula mai ɗaukar hoto.

Da na fitar da ita sai gilashinta ya yi hazo saboda laimar wurin. Na jira kaɗan, na goge da tsumma mai laushi. Hoton farko da na ɗauka bai yi kyau ba, baƙin tabo ne kawai cikin ganye. Wanda bai je ba zai ce ramin ɓera ne. Sai na roƙi tsoho ya tsaya a bakin ƙofar. Nan take girman ramin ya fito. In za ka ɗauki babban abu, tsayar da mutum kusa da shi.

Wuri mai duhu yana son haƙuri. Kyamara takan daɗe tana tara haske, in hannunka ya motsa sai hoton ya dagule. Na ɗora ta bisa dutse, na riƙe numfashi, sa'an nan na danna. Hasken safe ma ya taimake ni. Rana ba ta yi sama ba, haskenta ya zo ta gefe, ya fito da tsatsa da tsagar siminti sarai. Da tsakar rana ne da duk sun ɓace.

Na ɗauki ginin fitila. Na ɗauki amalanke. Na ɗauki jan ruwa, da takalmina a gefe. Sa'an nan zuciya ta fara raya mini cewa babban hoto yana ciki.

Inda tsoho ya tsaya

Na kunna tocila. Tsoho ya shiga gaba, ina bin shi. Na ƙirga taki 10. Ruwa ya kai idon sawu. Haske ya faɗa bisa gumagumai da aka tokare rufin da su. Sun ruɓe, wani farin abu kamar auduga ya lulluɓe su. Na taɓa ɗaya da yatsa, yatsan ya shige. Jemagu suka tashi fur, suka bi ta kanmu. A jikin bango na ga gawayin kansa, baƙin layi kwance tsakanin duwatsu, yana ƙyalli.

Tsoho ya tsaya. Ni kuwa na hango ramin ya rabu biyu a gaba, na ce taki 5 kawai zan ƙara. Na ɗaga ƙafa. Sai na ji an damƙe rigata ta baya. Hannun tsoho ne, da ƙarfi kamar na saurayi. Ya ce: "Malam, nan ne iyaka. Ka manta alkawari?"

Na ji kunya. Muna tsaye shiru sai muka ji wani abu ya faɗo cikin ruwa can gaba, tsulum. Daga rufi ya ɓalle. Babu wanda ya ce da wani komi. Muka juyo.

Da muka kusa fita sai na ga abin da na zo nema ban sani ba. Tsoho ya riga ni kaiwa ƙofa. Ya buɗe jakarsa ya fitar da hular kwano ta aikin rami, ya saka. Ni ina cikin duhu, shi yana tsaye cikin haske, baƙi wuluk kamar inuwa, ga koren daji a bayansa. Na jingina kyamara da bango na danna. Cikin shekarun da na yi ina wannan sana'a ban ɗauki hoton da ya kai shi ba.

A waje ya yi mini bayani. Ya ce lokacin da ake aiki akwai manyan injuna masu hura iska cikin rami dare da rana, akwai masu zuƙe ruwa, akwai masu canja gumagumai. Yau babu ko ɗaya. Ya ce mugunyar iska iri 2 ce. Ɗaya tana kwanciya ƙasa-ƙasa, ba ta da wari, ba ta da launi. Mutum yana tafiya sai ya ji jiri, ya faɗi, ba ya tashi. Wanda ya shiga ceton shi ma ya faɗi. Ɗayar daga jikin gawayi take fita, ta taru a sama. In ta ga wuta sai ta fashe kamar albarushi.

Ka san masu ginar rijiya sukan zura fitila su gani ko za ta mutu kafin mutum ya sauka. Dabara ce mai kyau a rijiya. A ramin gawayi kuwa fitilar ce za ta kashe ka. Shi ya sa tsoho ya hana ashana.

Wata Juma'a a 1949

Muka zauna bisa amalanken da ya kife. Na ba shi goro. Ya nuna mini wani fili da hannu ya ce: "A kwarin nan aka harbe abokan ubana."

Ga yadda abin ya faru. A 1949 ma'aikatan rami suna rigima da Turawan da ke shugabancin aikin a kan kuɗin da suka ce suna bi. Ba su bar aiki ba, sai suka riƙa yin shi sannu-sannu. Aka ce an kore su, suka ƙi fita daga wurin. Turawa suka ji tsoron kada nakiyar fasa dutse da ke ajiye can ta faɗa hannun masu neman ƴancin kai. Suka aiko ƴan sanda su kwashe ta. Ranar Juma'a 18 ga Nuwamba 1949, Baturen ƴan sanda ya ba da umurni a yi harbi. Ma'aikata 21 suka mutu, 51 suka ji rauni. Ba su da bindiga.

Labari ya bazu ko'ina cikin Najeriya. Mutanen da ba su jituwa da juna suka haɗa baki suka ce mulkin mallaka ya isa. Bayan shekara 11, a 1960, Najeriya ta samu ƴancin kai, shekara guda da mu. A cikin birnin Inugu an kafa mutum-mutumi domin tunawa da su. Amma a kwarin kansa ciyawa na gani, da awaki suna kiwo. Na ɗauki hoton filin. In ba a gaya maka ba, ba za ka san an zubar da jini a wurin ba. Hoto ba ya magana sai an haɗa shi da bakin wanda ya sani. Shi ya sa na fitar da littafin lissafin albasa, na rubuta abin da tsoho ya faɗa a shafin baya.

Me ya kashe ramin?

Na ce: "Baba, na ga gawayi a bango da idona. Don me aka bari?" Ya ce: "Gawayi bai ƙare ba. Masu saye ne suka ƙare."

A 1956 aka gano man fetur a kudancin Najeriya. Jiragen ƙasa suka bar gawayi suka koma shan gazuwal. Babban mai saye ya tafi ke nan. Sa'an nan yaƙin basasa ya zo, daga 1967 zuwa 1970. Aiki ya tsaya, injunan zuƙe ruwa suka tsaya, ruwa ya cika ramuka. Bayan yaƙi an sake buɗewa, a lokacin ne tsoho ya shiga aikin, amma abin bai koma kamar da ba. Ana raguwa, ana raguwa, har a farkon shekarun 2000 aiki ya tsaya ɗungum.

Ka ga rami yana da mutuwa iri 2. Ko abin da ke ciki ya ƙare, ko duniya ta daina son shi. Mai shebur ba shi da iko a kan ko ɗaya.

Na tambaye shi ina abokan aikinsa. Ya ce wasu sun mutu, da yawa da ciwon ƙirji, domin ƙurar gawayi tana zama cikin huhu. Ya ce waɗanda suka riƙe gonakinsu a ƙauye sun koma, suna noman doya da rogo, suna ci. Sai ya yi shiru. Can ya ce: "Ni na saida tawa. Lokacin albashi na zuwa kowane wata. Na ce me zan yi da gona? Na sayi babur da rediyo. Babur ya mutu, rediyo ya mutu, rami ya mutu. Gonar tana nan. Wanda ya saye ta, ɗansa ne ke noma ta. In na je ƙauye ta gefenta nake wucewa."

Ya cire hular kwano ya maida cikin jaka. Ya ce: "Wannan ce gādon da zan bar wa ɗiyana."

Ɗan'uwa, ban ɗauki hoto ba a lokacin. Akwai abin da ba a ɗauka.

Komowa gida

Da muka komo na tsaya Maraɗi aka wanke mini hotuna 6. Da dare bayan lisha na shiga wurin ƙanena. Ban yi masa wa'azi ba, na riga na gwada ban ci nasara ba. Na shimfiɗa hotunan bisa tabarma, na haska tocila. Na karanta masa abin da na rubuta a bayan littafin albasa, daga farko har ƙarshe.

Ya ɗauki hoton tsoho a bakin rami ya daɗe yana kallo. Ya ce: "Yaya, yanzu me yake yi?" Na ce gadi, a ƙofar shagon wani. Ya ce: "Ai wannan Najeriya ce." Na ce a Akokan fa, kusa da Arlit? Ramin uraniyom na Cominak ya fara ba da arziki a 1978, aka rufe shi ƙarshen watan Maris na 2021, domin abin da ke ciki ya ƙare. Wannan a ƙasarmu ne, kuma ramin kamfani ne mai injuna da likita. In irin wannan yana ƙarewa, ina ga ramin da samari 4 suka gina da diga?

Bai ce komi ba. Ya roƙi in bar masa hoton, na bar masa.

Kada ka zaci ya fasa tafiya. Bai fasa ba. Amma bai saida gona ba. Bayan girbi ya saida wakensa ya yi kuɗin mota, ya tafi arewa ya yi aikin lada a ramin wani. Da hadari ya fara haɗuwa sai ga shi ya komo, ya rame, da ƴan kuɗin da suka sayi awaki 2. Muka yi shuka tare. Yana cewa zai sake komawa da rani. Ban hana shi ba, ni dai addu'a nake yi. Hoton yana nan liƙe a bangon ɗakinsa.

Abin da nake so ka riƙe

Ban ce arzikin cikin ƙasa mugun abu ne ba. Gawayin Anu Araren yana ba garuruwan arewa wuta. Matar da ta dafa tuwo da gawayin ƙasa ta bar wani itace a tsaye. Zinariya ma ta rufa wa wasu asiri. Amma rami kamar rumbu ne wanda ake ɗiba ba a zubawa. Gona kuwa, in ka kai mata taki, ka bar mata ƴan itatuwa, Allah ya ba da ruwa, baɗi ma za ta ba ka. In za ka tafi rami, tafi da ƙarfinka, ka bar gonarka inda take.

In ka ga tsohon rami da aka bari, na gawayi ne ko na zinariya, ko tsohuwar rijiya, tsaya daga waje. Ja kunnen yara masu kiwo. Ni da jagora na shiga, wanda ya san wurin fiye da shekara 20, duk da haka saura kaɗan in yi wauta.

Sa'an nan duba garinku. Ko'ina akwai kango. Akwai marinar da ta bushe, akwai tsohon kantin awon gujiya, akwai inda maƙera na da suke narka tama. Akwai kuma tsoho ko tsohuwa da suka san labarin wurin. Yanzu da ka iya rubutu, je ka gaishe su, ka kai musu goro, ka tambaye su. Rubuta abin da suka faɗa, da sunan wurin da shekarar. In da salula, ɗauki hoto, ka tsayar da su a ciki in sun yarda. Kada ka jira baɗi.

In ka gama karanta wannan, karanta ma wanda bai iya ba tukuna. Ku tattauna a wurin karatu, musamman in akwai mai shirin saida gona. Allah ya ba mu damina mai albarka, ya komo da matafiyanmu gida lafiya. Amin.